Muryar Sallau a Hayin Tafkin Dalma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya tara ruwa inda ya ga dama, ya ba kowace halitta bakin yin kuka. Bayan haka, ku gyara zama ku ji labari daga wanda ya je da ƙafarsa. Ni ne Tunau baduku, autan Gwamma, mutumin Tudun Ƙaya, ƙasar da ba mu san ruwan da ya fi na cikin randa girma ba. Na ga giwa tana iyo, na ga kifin da ya fi jakina tsawo, amma ba kallo ne ya fitar da ni daga gida ba. Murya na je nema, muryar yayana Sallau.

Sallau shi ne ɗan fari a ɗakinmu. A ƙasarmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, in ya kira ta ba ta amsawa. Kunya ce, kowa haka ya tarar. To amma Innarmu ta ɗauki abin nan ta kai shi inda ko kakanninmu ba su kai ba. Kakarmu ce ta yaye Sallau ta rene shi, shi ya sa ya tashi yana ce wa Inna "Yaya". In ya shigo ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da aiki," sai ta juya ta hau akuya da faɗa. In ta kwashe tuwo sai ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan yaron." Ni kuwa da yake idona ba ya barin kwano, na sha ganin tsokar da ta fi kowace girma binne a ƙasan miyarsa.

Ni auta, ai sai abin da na ga dama. Tunau ka ci, Tunau ka sha, Tunau sauko kada ka faɗi. Har maƙwabta sun gaji da jin sunana.

Ina ƙarami Sallau ya bi fatake, wai shi sai ya ga ruwan da ba a hango gaɓarsa. Ranar da zai tafi ya ɗora ni a wuya ya zagaya gari da ni, sannan ya tsaya a bakin ɗakin Inna ya yi sallama. Tana ciki tana kaɗi. Ba ta fito ba, ba ta amsa ba, mazarinta kawai na ji ya tsaya. Ya ɗan jira, ya yi dariya, ya sauke ni ya kama hanya.

Shekaru suka shuɗe har gemu ya fito mini. Ina tuna wushiryarsa, ina tuna tabon da ke haɓarsa, ina tuna ƙamshin hayaƙi a rigarsa. Muryarsa ce ta ɓace mini. Nakan ajiye basilla a tsakiyar aiki in rufe ido in ce bari in ji yadda yake cewa "Tunau", sai in ji muryar kaina. Wannan abu ya ci ni ƙwarai, kuma ba wanda zan faɗa wa, don a gidanmu ba a kama sunansa.

Wata rana wani bafatake mai kifi banda ya sauka a zaurenmu yana cigiyar dangin Sallau. Ya ce yayana ya rasu a hayin Tafkin Dalma, yana aikin tsaron daji. Muka yi salati, na yi kuka har na gode Allah. Da mutumin zai tashi sai ya ce, "Amma muryarsa tana nan. Akwai kurmi a can da tsuntsaye ke riƙe maganar mutum bayan ransa. Duk mai son ji sai ya je Kurunguwa ya nemi Arzika."

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai, ko kai ba ta ɗaga ba. Washegari na fito zan ɗaura kaya, sai na tarar da ƙunshinta a kan jakina.

Na ce, "Inna, ina zuwa?"

Ta ce, "Kai da ba ka sanin gabas sai rana ta fito, zan bar ka ka shiga duniya kai kaɗai? Rakiya ce. Ja jaki mu tafi."

Muka yi ta tafiya har takalmina ya huje na sake ɗinka wani. Mun ratsa ƙasar da gishiri ke tsirowa kamar gero, mun ratsa kwarin da inuwar mutum ke riga shi isa masauki ta zauna tana jiransa. Ba zan tsaya kan waɗannan ba. Inda muka kusa halaka shi ne Mashigin Birai, wata siririyar hanya tsakanin duwatsu, wadda babu yadda za a yi a isa Kurunguwa sai ta nan.

Gwaggon birai ne suka mallaki wurin. Suna zaune dama da hagu, babbansu mai furfura a tsakiyar hanya, duk matafiyin da ya zo sai ya zaɓi abin da yake so a kayansa. Mu kuwa da ya dube mu sai ya kama igiyar jaki gaba ɗaya, da guzuri da ruwa da jakar kayan aikina. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ya buɗe mini haƙora. Wallahi ban san lokacin da na koma bayan Inna ba, ƙato da ni.

Inna kuwa sai ta ratse gefen hanya. Ta nemi dutse ta zauna, ta kwance bakin zanenta ta fito da tandun kwalli da ɗan madubi. Ta shiga zizara kwalli a hankali, ta karkata kai nan, ta karkata can, kamar mai shirin zuwa biki. Birai suka yi tsit suna kallo. Da ta gama sai ta ɓoye tandun, ta kwance ƙullin yajinta ta shimfiɗa a kan dutse, ta ja da baya. Babban ya riga kowa, ya dangwala yatsa ya kai ido. Sauran suka yi caa a kai, kowa na son ya yi kyau. Kafin ka ce me, mashigi ya rikice da ihu, wannan na marin wancan, babban yana birgima a ƙasa. Na fizgi igiyar jakina muka wuce.

Da muka yi nisa Inna ta ce, "Ka ja mini asarar yaji mai kyau." Shi ke nan abin da ta ce.

Hanci ne ya fara sanar da mu Kurunguwa, ƙaurin kifi da hayaƙi tun gari bai bayyana ba. Muka hau wani tudu, sai ga tafkin. Jama'a, sai na zauna daɓas a ƙasa. Ruwa ne mai launin dalma, ya tafi, ya tafi, har ya haɗe da sama. Inna ta ce, "Tashi, ruwa ne dai." Amma ita ma ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallo, hannunta a kan goshi, sannan na ji ta ce a hankali, "Ashe da gaske ba a hango gaɓarsa."

Kurunguwa gari ne da rabinsa ke tsaye a kan turaku cikin ruwa. Jirage sun cika bakin gaɓa, manya masu ɗaukar shanu da ƙanana masu ɗaukar mutum da komarsa ta kamun kifi. Ba ƙusa ake buga wa jiragensu ba, ɗinka katako suke yi da igiya su toshe kafofin da ƙaro, abin da ya sa na ji kamar na zo garin 'yan uwana dukawa. Mata na banda kifi, wasu sun shanya ƙananan kifaye a kan yashi suna ta walƙiya. Ga baƙi daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, kowa na jiran fito. Wasu Dajin Giwaye za su, wasu Tsaunin Ɓauna, wasu Kurmin Aku. Duk waɗannan dazuzzuka suna hayin tafki, kuma hurumi ne tun zamanin Sarkin Ruwa na farko: ba a harbi, ba a kafa tarko, ba a sare itace. Dabbobin can ba su san tsoron mutum ba.

Abu biyu na lura da su. Mutanen garin ba sa ɗaga murya, ko ciniki suke sai ka ce asiri suke faɗa wa juna. Sannan kowa na rataye da 'yar jakar fata a wuya, da wani abu mai nauyi a ciki. Ɗinkin jakunkunan kuwa, Allah ya kyauta, ban taɓa ganin wulaƙanta fata irin wannan ba.

Muka sami Arzika a rumfar masu tsaron daji yana gyaran filafilin tuƙa jirgi. Dogo ne baƙi, kunnensa guda a yage. Ina yin sallama na buɗe baki, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ƙura wa haƙorana ido.

Ya ce, "Kai ƙanin Sallau ne. Wannan wushirya ba ta ɓuya." Ya dubi Inna ya russuna ya ce, "Iya, sannu da hanya. Ke ce mahaifiyarsa?"

Inna ta kau da kai ta ce, "Wannan na rako."

Arzika ya dube ni, na yi masa alama ya bari. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo romon kifi, sannan ya warware mana yadda abin yake. Kurmin Aku ba kurmi guda ba ne, ƙananan kurame ne a jere, kowanne da garken akunsa da ba sa barin itatuwansu. Duk maganar ɗan Adam da suka ji ta ƙarshe, ita za su riƙe, da muryar mai ita, su koya wa 'ya'yansu, su yi ta maimaita ta kullum da hantsi. In wani ya zo ya yi magana a wurin, sai su yar da ta farko su ɗauki sabuwa, kuma wadda aka yar ba ta dawowa har abada. In an kama aku aka fitar da shi daga kurminsa, bebe yake zama. Shi ya sa mutanen Kurunguwa in tsufa ya zo musu sukan haye su nemi kurmin da ba kowa su ajiye muryarsu, 'ya'ya da jikoki su riƙa zuwa ji. Ya zazzage jakar wuyansa, wani sulɓaɓɓen dutse ya faɗo a tafinsa. Ya ce ba mai taka kurmin sai da irinsa a baki, don kada magana ta suɓuce masa.

Na ce, "Malam Arzika, yaya aka yi yayana ya rasu?"

Ya ce, "Wasu ɓarayin daji ne suka kafa tarko ya kama ɗan ɓauna. Sallau ya je kwance shi, uwar ba ta san taimako ya zo yi ba, ta soke shi a ciki. Inda ya faɗi, kurmin wata tsohuwa ne da jikokinta ke zuwa jin waƙarta. Da ya yi ko da nishi mai ƙarfi, da ya shafe ta. Sai ya cije dutsensa ya ja ciki. Ya wuce kurmin wannan, ya wuce na wancan, jini na bin sa, bai ce ko wash ba, har ya kai inda ba a taɓa ajiye murya ba. A nan ya tofar da dutsen ya yi magana. A nan muka same shi, a nan muka binne shi. Garin nan kaf ba kurmin da muke tsaro kamar nasa."

Na share hawaye na ce, "Me ya ce?"

Ya ce, "Ba a ɗauko maganar kurmi a kawo ta gari. Za ka ji da kunnenka."

Inna ta ture kwanon romo ta ce gishiri ya yi masa yawa. Ko cokali ba ta kai baki ba.

Da sassafe muka shiga jirgin Arzika, mu uku. Ni dai na kama gefen jirgi da hannu biyu ina karanta duk abin da na iya. Mun yi nisa, gari ya koma kamar tsinke a bayanmu, sai muka shiga wata mashiga tsakanin ciyayi inda dorinai ke kwana. Arzika ya ɗaga filafili ya bar jirgi yana silalewa. Muna gab da fita sai ruwa ya tsage a gefenmu, wani ƙaton kai ya ɓullo, baki a buɗe kamar ƙofar rumbu. Ya kai wa jirgin cizo, haurensa ya fasa katako ya tsinke ɗinki, sannan ya nutse. Ruwa ya fara bulbulowa ta tsakanin ƙafafuna.

Arzika ya ce, "Ni zan iya iyo. Ku fa?"

Na ce ko a kwatarniya ban taɓa gwadawa ba. Inna ta cire ƙoƙon da ke cikin ƙunshinta ta fara kwarfar ruwa, ta ce, "Kai ba baduku ba ne? Ga ɓaraka a gabanka kana kallona." Ta jawo buzun sallarta ta jefo mini.

Tsoro bai sake ni ba, amma hannu ya san aikinsa. Na yanka buzun, na ninka shi gashi a ciki, na danna a kan ɓarakar da gwiwa, na bi kafofin tsohon ɗinkin da basilla ina zura tsirkiya ina ja da haƙori. Arzika na tuƙi da iyakar ƙarfinsa, dorina na huci a bayanmu, Inna na kwarfa tana yi mini faɗan in matse ɗinki. Ruwan ya koma tsiyaya, daga nan ya koma zufa. Da ƙafarmu ta taɓa yashin hayi, Arzika ya shafa facin ya ce tun da yake bai ga ɗinki irin wannan ba. Na so in ce masa ya dubi jakar wuyansa zai san dalili, sai na ga ba lokacinsa ba ne.

A bakin gaɓa ya tsinto duwatsu biyu ya wanke, ya ba ni guda ya ba Inna guda. Na jefa nawa a baki. Inna ta gwada nata, da yake ba sauran haƙoran da za su tare shi, sai ya zarce maƙogwaro. Ta shaƙe, idanunta suka firfito, sai da na bubbuga bayanta ya faɗo. Aka nemo ƙarami, shi ma haka. Aka nemo babba, ya ƙi shiga.

Arzika ya ce, "Iya, sai dai ki jira mu a jirgi. Ba a shiga ba dutse."

Inna ta ce, "To." Ta juya ta zauna a gefen jirgin ta ba daji baya. Na dubi bayan nan nata, ya rankwafa, ƙafafunta duk faso saboda tafiya, hannunta na murza bakin zane. Na ji ba zan iya barin ta a nan ba.

Na tofar da dutsena na ce, "Malam Arzika, wannan matar da kake gani, dutsenta a cikin ƙirjinta yake. Tun da ta haifi yayana ba ta taɓa kama sunansa ba, bai taɓa kira ta amsa ba. Ranar da zai bar gida ya yi mata sallama ta yi shiru. Haka al'adarmu take, ita kuwa ta fi kowa riƙo. In duniya duka za ta yi magana a kurmin nan, ban da ita. Na ɗauki wannan a wuyana."

Arzika ya yi mamaki ƙwarai, don su a Kurunguwa uwa goya ɗan farinta take tana yi masa kirari a kasuwa. Ya ce, "Iya, gaskiya ne?"

Ta ce, "Ni ina ruwana da wancan yaron."

Ya dubi facin jirginsa, ya dube ni, ya ce, "Muryar ta gidanku ce. Don kai na yarda."

Na mayar da dutsena baki, muka shiga. Itatuwa sun haɗe sama, ƙasa da sanyi, hasken rana na saukowa tsilli-tsilli. Wata giwa da ɗanta suka tsallaka gabanmu ba su ko dube mu ba. Barewa ta zo ta shinshina ƙunshin Inna. Da hantsi ya ɗaga sai kurame suka fara tashi. A na farko wani tsoho ke sa wa zuriyarsa albarka, ga mutanen gidansa zaune a ƙasa, kumatu cike da duwatsu, hawaye na zuba. A na gaba wata mata ke waƙar reno. A wani kuma wani mutum ne ke ta nanatawa, "Kada ku sayar da jirgin nan, na ce kada ku sayar." Da ba don dutse ba da na yi dariya. Arzika yana tafe yana nuna mana ƙasa da yatsa, nan yayana ya bi, nan ma ya bi. Tafiyar da mai lafiya ma sai ya huta.

Can ƙarshe muka iso wani ɗan kurmi na ɓaure, da tulin duwatsu a gindin babbar bishiyar. Akuna sun cika rassa, toka-toka masu jan wutsiya. Muka zauna. Zuciyata na bugawa har ina jin ta a cikin dutsen bakina. Wani tsohon aku ya karkata kai, ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki.

"Yaya."

Wayyo Allah. Ita ce. Da ɗan kaushinta, da yadda yake jan ƙarshen magana irin na mutanen Tudun Ƙaya. Ina jin ta na ji ni a wuyansa, hannuna riƙe da kunnuwansa. Yaya aka yi na manta wannan? Na ce a raina ba zan koma gida ba, zan zauna a Kurunguwa in riƙa hayewa ina ji har in mutu.

Sauran akunan suka karɓa, murya guda daga kowane reshe, a gajiye, numfashi na yankewa.

"Yaya, ni ne. Na yi sallama. Ki amsa mini mana, ko sau ɗaya."

Suka yi shiru kamar mai jiran amsa. Sannan suka sake daga farko.

Sai a lokacin na waiwayi Inna. Ta miƙe tsaye. Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta. Arzika ya yunƙura zai kama ta ya fitar, ni ma na miƙa hannu. "Ki amsa mini mana," in ji kurmin, "ko sau ɗaya." Ta sauke hannuwanta.

Ta ce, "Na'am. Na'am, Sallau. Ga ni na zo, ɗana."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Kurmin ya yi tsit, ko ganye bai motsa ba. Akunan suka karkata kai gaba ɗaya suna kallonta. Na roƙi Allah a zuciyata, na ce ko guda ɗaya ya ƙi karɓa, ko ɗan ƙarami. Tsohon akun ya girgiza fukafukai ya buɗe baki, sai muryar Inna ta fito: "Na'am, Sallau. Ga ni na zo, ɗana." Sauran suka ɗauka.

Ban san yadda muka fito ba. Muna isa gaɓa na tofar da dutsen, na yi wa Inna maganar da ban taɓa yi mata irinta ba. Na ce, "Kin kashe shi. Abin da ya rage mana ke nan a duniya, ya ja ciki cikin jini don ya ajiye shi, kin zo kin shafe. Yana da rai kin hana shi, ya mutu kin hana ni. Ban ko gama ji ba, Inna."

Arzika ya ce, "A dokarmu wanda ya shafe murya ba ya sake taka hayin nan, in dangin mai muryar sun kai ƙara. Kai ne dangi. Za ka kai ƙara?"

Inna ba ta dube shi ba. Ni ta duba, idanunta a bushe. Ta ce, "Kai murya ka zo ji, Tunau. Ni kira na ji. Tun yaushe yaron nan yake kira a dajin nan, kullum garin Allah ya waye, baƙi na zuwa suna zama suna saurare, ba mai amsa masa? So kake in bar shi yana yi har tashin duniya don ka riƙa zuwa kana jin daɗi?"

Na zauna a kan yashi na yi kuka irin na yara, ta zo ta dafa kaina kamar yadda ta saba. Na ce wa Arzika ba ni da ƙara. Ya juya yana duba igiyar jirgi, ya daɗe yana dubawa, alhali ba abin da ya same ta.

Muna cikin ruwa iska ta biyo mu da muryar daga cikin daji, siririya, tana kiran sunan. Wasu masunta da ke kusa suka ɗaga kai suna saurare. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ɗan nan, tuƙa da sauri, mutane na ji." Can kuma ta ce da ni, "In mun koma gida kada ka faɗa wa kowa na kama sunansa."

Ba mu koma ba. Ƙafafunta ba su sake ɗaukar doguwar tafiya ba, damina na kamawa ta kwanta, kafin shigowar kaka Allah ya yi mata rasuwa. A Kurunguwa muka binne ta, a kan tudun da ake hango tafki. Ni kuma na kafa rumfa a bakin gaɓa ina ɗinka wa mutane jakar wuya ta kirki, ina yi wa jirage faci. Muryar yayana ta sake ɓace mini. Na yi iya ƙoƙarina in riƙe ta, ta zauna mini 'yan watanni, sannan ta tafi kamar yadda ta tafi da farko, kuma wannan karon na san ba inda zan je in same ta.

Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya ji ya yi wa mutum biyu addu'a. Duk sanda kewa ta ishe ni nakan bi jirgin Arzika in haye, in zauna a gindin ɓauren nan har hantsi ya ɗaga. Matar da ta cika unguwa da kiran sunana, yanzu duk duniya wuri guda ne ake jin muryarta, kuma ba ni take kira ba. Baƙin da suka gan ni ina kuka, in mun fito gaɓa sukan tambaye ni ko ni ne Sallau. Nakan ce a'a, ƙaninsa ne, rakiya na yi.